Wata Huɗu Bayan Aikin Jijiyar Gwiwa: In Buga Gasar Unguwa Ko In Haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ni ɗan ƙwallo ne a Gombe, shekarata 21, ina buga tsakiya a ƙungiyar unguwarmu. Jijiyar gwiwata ta dama ta tsinke a fili, an yi mini aiki yau wata huɗu. Yanzu babu ciwo, ina tafiya garau, har ɗan gudu nake taɓawa. Akwai gasa nan da wata biyu, kocinmu yana so in buga. Wani abokina ya taɓa jin ciwon gwiwa, mai ɗori ya duba shi, cikin mako shida ya koma fili. Ni me zai hana?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Kada ka buga wannan gasar. In aka haɗa wata huɗun da ka yi da biyun da suka rage, wata shida ke nan, kuma a aikina na gashi da farfaɗo da 'yan wasa ba na sa wa mai irin aikinka hannu ya shiga gasa a wata shida. Na san ba wannan kake son ji ba. Saboda haka zan ba ka dalilai, in kuma gaya maka aikin da za ka cika watannin nan da shi, don zaman gida ana ƙirga kwanaki shi ma ba ya mayar da kowa fili.

Mu fara da abokinka, tunda shi ya tsaya maka a rai. Manyan jijiyoyin da ke riƙe gwiwa huɗu ne. Biyu suna gefe, ta ciki da ta waje, su ke hana gwiwa karkacewa. Biyu kuma suna can tsakiyar gaɓar sun gitta juna, ta gaba da ta baya. Ta gaban ce aka rubuta ACL a takardar asibitinka, kuma aikinta hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa a ƙarƙashin ƙashin cinya lokacin da ka taka birki, ko ka yanke, ko ka diro daga tsalle. Jijiyar gefe ta ciki tana samun jini sosai, shi ya sa in ta yage takan haɗe da kanta: ƙaramin rauni cikin makonni kaɗan, babba kuma mako 6 zuwa 12, galibi ba tare da an sa wuƙa ba. Wanda ya koma fili a mako shida yana yanka yana juyi, gwiwar ba ta sake shi ba, alamu sun fi nuna wannan jijiyar ce ta taɓu, ko kuma targaɗe ne. Hutu da ɗauri sun taimaka, jiki ya yi sauran. Taka kuwa tana cikin ruwan gaɓa, jininta kaɗan ne, in ta tsinke gaba ɗaya ba kasafai bakunan biyu ke haɗewa yadda za su ɗauki ƙwallo ba. Hannu ba ya kai mata daga waje, hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta, sai gwajin hannun likita da hoton MRI, wanda ke nuna jijiyoyin cikin gaɓa. Ina ganin mutuncin masu ɗori, mutanenmu sun daɗe tare da su, amma gwiwar da aka yi wa aiki kada ka bari a ja ta, ko a murza ta da ƙarfi, ko a yi mata tsaga ko ƙaho. Ƙwayar cuta in ta shiga gaɓa tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki.

Abin da likitan ƙashi ya yi maka ba ɗinke tsohuwar jijiya ba ne. Ya yanko wata daga jikinka, ko daga bayan cinya, ko wadda ta haɗa ƙoƙon gwiwa da ƙwauri, ko ta gaban cinya, ya huda ƙasusuwan biyu ya zura ta ya ɗaure. Ranar da aka sa ta tana da ƙarfinta, sai dai an raba ta da jinin da ke ciyar da ita. A makonnin farko ƙwayoyin cikinta suna mutuwa, jiki ya shiga tura sababbin hanyoyin jini da sababbin ƙwayoyi, suna warware tsohon zare suna saƙa sabo. Wajen mako 6 zuwa 12 take a mafi rauninta, daga nan ta riƙa ƙarfi sannu a hankali, kuma sauyin ba ya kammala sai an kai shekara ɗaya zuwa biyu. Kamar dashen itace ne: ganye na iya yin kore shar alhali saiwa ba ta kama ƙasa ba. Ciwon da ka daina ji na fata ne da nama da kumburi. Jijiyar kanta ba ta aiko maka da saƙon ko ta nuna ko ba ta nuna ba.

Akwai kuma wata asarar da ba a cika faɗa wa 'yan wasa ba. Tsohuwar jijiyarka tana ɗauke da wasu ƙananan jijiyoyin ji da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda gwiwa take da yadda take motsi, ba tare da ka duba ba. Da ta tsinke wannan saƙon ya ragu. Shi ya sa mutum zai yi tafiya lafiya lau a kan titi, amma in aka tura masa ƙwallo ba shiri ya juya, tsokar ta makara da ƙiftawar ido, kuma a cikin wannan ƙiftawar ne jijiya ke tsinkewa. Yawancin masu irin rauninka ba wanda ya taɓa su, su kaɗai suka juya suka ji ƙara. Wannan saurin amsawar koyon sa ake yi daga farko, kuma yana cin watanni.

Ga alƙaluman da nake dogara da su. Wani bincike da aka yi tsakanin birnin Oslo na Norwe da jihar Delaware ta Amurka, aka wallafa a 2016, ya bi 'yan wasa 106 na tsawon shekara biyu bayan irin aikinka. An ga cewa kowane wata ɗaya da ɗan wasa ya jinkirta komawa, har zuwa wata na 9, haɗarin sake raunata gwiwa yana raguwa da kusan rabi. Cikin waɗanda suka koma ba tare da sun ci gwajin ƙarfi da na tsalle ba, kusan 38 cikin 100 sun sake jin rauni, waɗanda suka ci kuwa ba su kai 6 cikin 100 ba. Wani binciken daga Suwidin a 2020 ya nuna matasan da suka koma kafin wata 9 sun ninka waɗanda suka jira kusan sau bakwai wajen sake tsinka jijiya. Shekarunka ma suna cikin lissafi: 'yan ƙasa da 25 da suka koma wasa mai yanka da tsalle, kusan ɗaya cikin huɗu yakan sake tsinka jijiya, ko a gwiwar da aka yi wa aiki ko a ɗayar. Ka lura da wannan na ƙarshen, mai lafiyar ma tana cikin haɗari, domin ita ke ɗaukar nauyin da mai raunin ta kasa.

Virgil van Dijk na Liverpool ya tsinka tasa a wasansu da Everton a watan Oktoban 2020, bai sake buga ko wasan sada zumunci ba sai ƙarshen Yulin 2021. Sama da wata tara ke nan, ga mutumin da ba shi da wani aiki sai jinyar gwiwarsa, da likitoci da na'urori a kansa safe da yamma. Kai da ke haɗa jinya da makaranta ko kasuwa, kana buga ƙwallo a filin da ke da ramuka, babu dalilin da zai sa taka ta riga tasa nuna.

Sai dai wata tara shi kaɗai ba ya wanke kowa, kuma a nan ne na fi son ka ba ni hankalinka. An tattara bincike masu yawa a 2014, aka ga cikin mutum 100 da aka yi wa aikin, 81 sun koma wani nau'in wasa, 65 sun koma matsayinsu na da, 55 ne kawai suka koma gasa. A abin da nake gani a wurinmu, yawancin waɗanda ke zubewa a hanya ba aikin ne ya ɓaci ba. Suna zuwa gashi wata biyu ko uku, da zarar sun ajiye sanda sun daina ɗingishi sai su ɗauke ƙafa, ko don kuɗin mota, ko don suna ganin an gama. Sai su zauna har wata tara ya cika, su ɗaura takalmi da cinyar da ta tsotse. Wanda ya yi haka bai fi mai gaggawa tsira da yawa ba.

To, a wata na huɗu me ya kamata ka duba? Na farko miƙewa. Ka zauna a ƙasa ka miƙe ƙafafu biyu, ka danna bayan gwiwa ƙasa. Ta dama ta miƙe daidai da ta hagu, har dunduniya ta ɗan ɗaga in ta hagu tana ɗagawa. In akwai saura ko kaɗan, ka riƙa ɗora dunduniya a kan matashi, gwiwar na lilo ba abin da ya tokare ta, minti goma sau da yawa a rana. In mako biyu zuwa uku ba ta sauya ba, ko tana tokarewa da zafi a gaba, ka koma wurin likitan da ya yi aikin, domin wani lokaci tabon nama ne ke tsirowa gaban sabuwar jijiyar, kuma motsa jiki ba ya cire shi. Gwiwar da ba ta miƙe sosai ba tana hana tsokar cinya kamawa, tana kawo ciwon ƙoƙo, tana lalata gudu. Na biyu kumburi. Da safe ka dubi ramukan nan biyu na gefen ƙoƙon gwiwa, ka gwada da na ɗaya ƙafar. In sun cike, akwai ruwa a ciki. Ko ruwa kaɗan ne yana sa ƙwaƙwalwa ta rage wa tsokar gaban cinya umarni, kana matsawa amma ba ta kamawa duka. Don haka ƙa'idata ga kowa ita ce: duk aikin da ya sa gwiwa ta kumbura washegari, ko ciwonsa ya wuce kwana ɗaya, ya yi yawa, a koma matakin baya na 'yan kwanaki, a sa ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar. Gasa gwiwa mai kumburi da ruwan zafi ƙara mata yake.

Na uku, wanda ya fi duka, ƙarfin tsokar gaban cinya. Ita ce birkin ƙafa. Duk sanda ka diro ko ka tsaya cak daga gudu, ita ke shanye nauyin, in ta gaza sai ya faɗa kan gaɓa da jijiya. Kuma ita ce ke fara tsotsewa bayan aiki, ita ke jinkirin dawowa. Mutane da yawa suna zuwa sashen gashi suna son a kunna musu fitila mai zafi, a shafa mai, a murza. Waɗannan suna da daɗi, suna rage tsami, amma ba sa gina tsoka ko ƙwaya ɗaya. Na'urar lantarki da ke sa tsoka matsewa tana da amfani a makonnin farko lokacin da cinya ta ƙi kamawa. A wata na huɗu kuwa maganinka nauyi ne, nauyin da ke ƙaruwa mako bayan mako.

Sau biyu zuwa uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Tsuguno da nauyi zuwa tsayin kujera. Tsuguno da ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, mai raunin a gaba. Hawa da sauka daga matakala da ƙafa ɗaya, saukar a hankali kana ƙirga uku. Ɗaga ƙugu daga kwance da ƙafa ɗaya don bayan cinya da ɗuwawu. Ɗage a kan yatsu da ƙafa ɗaya don sha-raɓa. Kowane ɗaya zagaye uku zuwa huɗu, kowane zagaye sau 6 zuwa 10, da nauyin da zai sa biyun ƙarshe su ba ka wuya ba tare da gwiwa ta karkace ba. In kana iya yin ashirin kana hira, ba ƙarfi kake ginawa ba, sai a ƙara. In kana da halin shiga gidan motsa jiki a cikin gari, injin tura nauyi da ƙafa da na miƙe gwiwa daga zaune sun fi komai ware ƙafa ɗaya su sa ta aiki, amma na biyun likitan gashinka ne zai faɗa maka iyakar da za ka miƙe da nauyin da za ka fara. In babu hali, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce: jarka mai lita 10, 20 ko 25 ma'aunin nauyi ce da ka san adadinta, jakar goyo da aka cika da yashi ma haka. Ka sami littafi ka riƙa rubuta nauyi da adadi, don ido da zuciya suna ruɗin mai son komawa fili.

Ka tambayi likitanka abu biyu in ba ka sani ba: daga ina ya ɗauki jijiyar, kuma ko ya ɗinke faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa. In daga bayan cinya ne, tsokar wurin tana buƙatar nata aikin na musamman, kuma ba a yi mata gaggawar nauyi. In daga gaban ƙoƙo ne, durƙuso zai daɗe yana maka zafi, ka ninka darduma ko ka sa abu mai taushi lokacin sujada. In an ɗinke faifan, tsuguno mai zurfi da nauyi a kai yana jira sai likita ya ba da izini, wannan kuwa ya shafi zaman tahiya da masai na tsuguno. Yin salla a kan kujera na ɗan lokaci rangwame ne da addini ya yi wa mara lafiya, ka karɓe shi. Haka in za ka sauka daga babur, kada ka kafa ƙafar dama a ƙasa ka murɗa jiki a kanta.

Gudun da ka ce kana taɓawa, ka dakata da shi sai an auna ka. Wata uku zuwa huɗu ne lokacin da aka saba fara gudu, amma da sharaɗi: babu kumburi, gwiwa na miƙewa duka, kuma ƙarfin cinyar ya kai aƙalla kashi 70 cikin 100 na mai lafiyar. In babu na'urar aunawa, ga gwajin da za ka iya a tsakar gida. Ka zauna a benci da gwiwa ta yi kwana daidai, ka rungume hannu a ƙirji, ka tashi da ƙafa ɗaya ka koma ka zauna a hankali, a ƙirga sau nawa kafin ka gaji ko ka fara jefa jiki. A yi wa ƙafa biyu. In hagu ta yi 20 dama ta yi 9, ba ka isa gudu ba, ko da ba ka jin komai. In ka isa, a fara da sassarfa minti ɗaya tafiya minti biyu, a fili mai laushi da ba ramuka, yau a yi gobe a huta, a riƙa ƙara sassarfar ana rage tafiyar cikin makonni.

Daga nan matakan suna bin juna, ba a tsallake ɗaya. Gudu miƙe da sauri, sannan koyon tsayawa daga gudu, wanda ya fi tashi wuya. Tsalle da dira da ƙafa biyu, sannan da ɗaya. Yanka a inda ka san za ka yanka, an kafa alama a ƙasa. Bayan wannan ya zauna, sai yankan ba-zata: abokinka ya nuna dama ko hagu da hannu kana cikin gudu, ko ya jefo ƙwallo inda ya ga dama. Wannan matakin ne ke dawo da saurin amsawar da na ambata, kuma shi aka fi tsallakewa. Sai atisaye da ƙungiya ba tare da karo ba, sai cikakken atisaye da karo na makonni, sai wasa na minti 15 zuwa 20, a riƙa ƙarawa. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya daga gaba kana dira. Abin da ake nema gwiwa ta tsaya saitin yatsun ƙafa, ƙugu da gwiwa su lanƙwashe su shanye nauyin, dirar ba ta da ƙara. In gwiwa tana faɗawa ciki, ko kana sauka a sandare, ko kana karkata jiki zuwa hagu don ka tausaya wa dama, ba ka gama da matakin ba. Ka kuma yi la'akari da filayenmu. A rani ƙasa takan bushe ta yi tauri, takalmi mai dogayen haƙora yana kafewa jiki ya juya ƙafa ba ta juya ba. A zafin Maris da Afrilu gajiya na zuwa da wuri, kuma ƙafar da ta gaji ita ke dira ba daidai ba, don haka aikin yanka da tsalle a yi shi da sassafe ko bayan la'asar, a farkon atisaye.

Gwajin ƙarshe, wanda ba a yin sa kafin wata tara, ma'auninsa kashi 90 cikin 100. Ƙarfin cinya gaba da baya ya kai 90 na ɗaya ƙafar. Tsalle huɗu da ƙafa ɗaya su ma haka: tsalle ɗaya mai nisa, uku a jere, uku ana gitta layi, da tsallen mita 6 ana duba agogo. Tef ɗin awo da gawayin zana layi sun isa. In hagu ta yi santimita 150, dama ta kai aƙalla 135, kuma ta dire ta tsaya cak daƙiƙa biyu ba tangaɗi. Asibitin 'yan wasa na Aspetar da ke Katar ya wallafa a 2016 cewa ƙwararrun 'yan wasan da suka koma ba su cika sharuɗɗan sallama ba sun ninka sauran sau huɗu wajen tsinka sabuwar jijiyar. Hattara da abu ɗaya: ƙafar hagu ma ta yi rauni a watannin da ka yi ba wasa, don haka kai 90 na ƙafar da ta lalace ba abin murna ba ne. Ka horar da su duka biyu. Wannan gwajin likitan gashi mai rajista ya kamata ya yi maka shi, ba kai da abokanka kaɗai ba. Akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, akwai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. In kuɗin zuwa kullum ya yi maka yawa, ka faɗa masa gaskiya, ya rubuta maka aikin gida, ka riƙa zuwa awo duk mako uku ko huɗu. Wannan ya fi ɗauke ƙafa nesa ba kusa ba.

Zuciya ma ana auna ta. Tsoron sake jin rauni yana cikin manyan dalilan da ke hana mutane komawa, kuma ba ragwantaka ba ce. Ɗan wasan da ke shiga karo da rabin zuciya yana sandare ƙafa, sandararriyar ƙafa kuwa ita ke jin ciwo. Tsoron yana raguwa ne in mutum ya bi matakan nan ya ga da idonsa ƙafar ta ɗauka. Kai naka ya fi kama da akasin haka, ƙarfin hali ya riga ƙarfin ƙafa, shi ya sa na dage maka a kan littafi da tef.

Abin da nake roƙonka da babbar murya: kada ka sha tiramadol ko ka karɓi allurar kashe zafi don ka buga wasa. Zafi da kumburi su ne kawai hanyar da gwiwa ke gaya maka ta gaji, in ka toshe su ka rufe wa kanka ido. Robar gwiwa da ake sayarwa a kasuwa tana ɗumama wuri, ba ta riƙe jijiya, hatta takalmin gwiwa mai ƙarfe na asibiti ba a tabbatar yana hana sake tsinkewa bayan aiki ba. Taba da shisha suna rage jinin da sabuwar jijiya ke buƙata. Abinci kuwa tsoka ba ta ginuwa da tuwo zalla: wake, awara, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa da nama gwargwadon hali, a raba su cikin yini, da barci isasshe. In gwiwa ta sake ka, ko ta kulle ta ƙi miƙewa, ko ta kumbura farat ɗaya bayan wani juyi, ka koma asibiti a makon. In sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko zazzaɓi ya zo tare da gwiwa mai ɗumi da ja, a ranar za ka je.

Ga sauran 'yan wasa da jijiyarsu ta tsinke ba su sami halin aiki ba, ƙofa ba ta rufe ba. A Suwidin an raba matasa 121 gida biyu, wasu aka yi musu aiki da wuri, wasu aka fara da motsa jiki mai tsari, aka bar aikin sai in buƙata ta taso. An wallafa sakamakon farko a 2010, kuma bayan an bi su shekara biyar kusan rabin rukuni na biyu ba su buƙaci aiki ba, sakamakon rukunan biyu kuma ya yi kusa da juna. Ma'ana duk abin da na lissafa na ƙarfin cinya ya shafe su, kuma da yawa za su yi tafiya da gudu da sana'arsu lafiya. Amma wanda gwiwarsa ke sakewa, ya daina ƙwallo har ya ga likitan ƙashi, domin kowace sakewa tana iya yaga faifan guringuntsi, yagewar faifan kuma ita ce ke kusanto da ciwon sanyin gaɓa tun mutum bai tsufa ba.

Kocinka kuwa ka je ka same shi da girmamawa, ka nuna masa wannan bayanin, ka ce a ajiye maka gurbinka zuwa kaka mai zuwa. Ka kuma kai masa wani abu da zai amfani ƙungiyar. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya tana da tsarin ɗumama jiki mai suna FIFA 11+, na kimanin minti 20, wanda ya haɗa gudu da ƙarfafa ciki da cinya da tsayuwa kan ƙafa ɗaya da koyon dira, ba ya buƙatar komai sai ƙwallo da alamun ƙasa. An gwada shi a nan Najeriya a gasar matasa ta Legas, aka wallafa a 2014 cewa ƙungiyoyin da suka yi amfani da shi raunukansu sun ragu da kashi 41 cikin 100, na ƙafa kuma da kashi 48. Bidiyonsa yana intanet kyauta. Ka koye shi, ka nemi koci ya ba ka jagorancin ɗumama jikin yara aƙalla sau biyu a mako a wannan gasar, kana nuna musu da baki da sassan da aka yarje maka, kana gyara wa duk wanda gwiwarsa ke faɗawa ciki. Kai ma in ka koma, wannan tsarin da ɗaga nauyi sau biyu a mako za su ci gaba da zama cikin atisayenka muddin kana buga ƙwallo.